Birki Mai Ladabi

Zailani na durƙushe a gindin tirela, gwiwar wandonsa ta jiƙe da ruwan ƙasa, sai ya ji muryar surukinsa daga sama.

"Injiniya, wai me ya ɓace maka a ƙarƙashin nan?"

"Ba komai, Baba. Tayoyin nake dubawa. Ba birki a jikinsu."

"Birki?" Alhaji Almu ya gyara zaman baƙin kwat ɗin da ya ɗora a kan babbar riga, wanda ya ƙi rufuwa tun safe. "Abin da ba shi da inji, ba ya tafiya da kansa, me zai yi da birki? Ka taɓa ganin amalanke da birki?"

Zailani na da amsa, mai kyau ma, irin wadda ake ba shi maki a kanta a jami'a. Ya haɗiye ta, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ce, "Haka ne, Baba."

Filin a bayan Old Kent Road yake, an kewaye shi da kwano, cike da tireloli da tsofaffin tayoyi. A tsakiyarsa jirgin ruwan Alhaji ke zaune a kan tirelarsa, fari fat da shuɗin layi, har da ɗan ɗaki da makewayi a ciki. Ganin likitan ido ne ya kawo Alhaji Landan a farkon shekarar 1975. Da likita ya gyara masa ido kuwa, sai ya fara ganin abin saye. Ya sayi Marsandi, ya sayi fitilun da sun fi ƙarfin rufin gidansa, sannan wani aboki ya kai shi baje kolin jiragen ruwa don ya ba ido abinci, ya fito da jirgi. Ba shi kaɗai ba ne. A shekarun nan kuɗin man fetur sun sa duk wanda ya sauko daga jirgin Kano da aljihu mai ƙaiƙayi yake saukowa. Alhaji ɗan kwangila ne, shi ke kai yashi da siminti wata madatsar ruwa da ake ginawa kusa da garinsu, ya kuma ƙudura cewa ranar da za a buɗe ta jirginsa ne zai fara shiga. Madatsar dai ko ɗigo ba ta tara ba tukuna, shi kuwa Alhaji ruwan da ya saba da shi na buta ne.

Duk wannan da bai dami Zailani ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne maganar da Alhaji ya yar jiya yana wanke hannu bayan tuwo, ko kallonsa bai yi ba. Wata mai zuwa za a ɗora jirgi a babban jirgi, Zailani da matarsa kuma su bi shi gida. An buɗe wa kamfani sashen ruwa, an naɗa Zailani manaja. Karatu ai ya isa haka, mutum ba ya tsufa a makaranta alhali ana rabon arziki a gida. Jarrabawar ƙarshe ta digirinsa a watan Yuni take. In ya tafi yanzu, duk sanyin da ya sha a garin nan ya tashi a banza, ya koma da sunan Injiniya, wanda dama da zolaya Alhaji ke kiransa da shi, ba takardar da za ta tsaya masa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya buɗe baki ya ce, "To, Baba."

Da safe, Alhaji na wanka, matarsa Shafa'atu ta tare shi a ɗan kicin ɗinsu na Tottenham.

"Ka gaya masa mana. Ka ce sai ka gama."

"Ke ki gaya masa. Ba babanki ba ne?"

"Ni? Ni 'yar fari ce, ko sunana ba ya kamawa. Tun da ya zo ka ga ya dube ni? In yana son ruwa, bango yake gaya wa." Ta juya ƙwai a kasko da ƙarfin da ƙwai bai cancanta ba. "Kuma na ji yana cewa a waya a yi mana booking ɗin jirgin komawa."

"To ni kuma suruki ne. In ce masa a'a da wane bakin?"

"Da wanda kake yi mini lacca da shi kullum."

Haka gidan yake tun da baƙon ya sauka. Mutum uku a ɗaki biyu, kowa na jin kunyar kowa, ba mai iya cewa ko da gishiri ya yi yawa.

Mai filin, Mista Pollard, ya fito daga ɗan ofishinsa na katako, jan fuska, taba a leɓe, tumbi na gaba yana biye. Zailani ne tafinta. Tun da Alhaji ya sauka Zailani bai ji kalmar Turanci ɗaya ta fito daga bakinsa ba. In Bature na magana, sai ya kafa masa ido ba ko ƙiftawa, har ya gama, sannan ya juyo ya ce, "Me ya ce?" A gaskiya Zailani bai san surukin nasa sosai ba. Iyaye ne suka haɗa auren, shi kuma gaisuwa daga nesa ce tsakaninsa da Alhaji, kai a ƙasa. An ce ya yi aiki da Turawa a ƙuruciya, amma wane dattijo ne bai yi ba?

Pollard ya buga gefen tirela da tafin hannu, ya yi 'yar magana.

"Me ya ce?"

"Ya ce tirela mai ɗauke da nauyi irin wannan, doka ba ta yarda ta hau titi ba birki ba."

"A'a, to ai sai a sa." Alhaji ya juyo ya dubi Zailani da fuskar mai gyara wa yaro kuskure. "Ka ji ko, Injiniya? Dole ne a sa birki. Abu mai nauyi haka, in mota ta tsaya shi wa zai tsayar da shi?"

"Haka ne, Baba," in ji Zailani. Maganar da ya faɗa ɗazu aka haɗa shi da amalanke, ita ce ta fito daga bakin mai taba ta zama doka.

Pollard ya shiga ofis ya fito da kaya iri biyu, ya ɗora a kan wata ganga. Ɗaya a cikin kwali mai launi, da hoton wani Ba'amurke yana dariya a gaban tafki, ƙura ta kwanta a saman kwalin har ana iya rubutu a kai. Ɗayan kuwa guntun baƙin ƙarfe ne, duk maiƙo, ko takarda ba a naɗe shi da ita ba. Ba sai an faɗi inda idon Alhaji ya sauka ba, idon da aka gyara.

"Na kwalin nan na mene ne?"

"Na lantarki ne, Baba. Waya ake ja daga mota zuwa tayoyin tirela."

"Lantarki!" Alhaji ya shafa kwalin, ya goge hannu a kwat. "Wanne ya fi tsada?"

"Shi."

"To me muke jira?"

Zailani ya san me suke jira. Ba a ɗaga jirgi a jefa a ruwa. Tirela ake turawa da baya, a hankali, har tayoyinta su nutse, sannan jirgin ya taso. Wannan na kwali kuwa ba don shiga ruwa aka yi shi ba, ko hoton da ke jikinsa ƙarya yake yi. Ya shiga sau ɗaya, sau biyu, waya ta ci tsatsa, shi ke nan. Kuma in ya lalace a garinsu Alhaji, bakanike zai yanke wayar ya ɗaure ta da roba, ya ce an gyara. Ya hango Marsandi na gangarowa daga kan madatsa, jirgi na ingiza ta daga baya. Ya kuma hango wanda ke riƙe da sitiyari, ba kowa ba ne sai manajan sashen ruwa.

"Baba, a ganina, da an..."

"Ganinka na makaranta ne. Tambayi mai kaya."

Ya tambayi mai kaya. Pollard, wanda da alama ya gaji da ganin kwalin nan a kan kanta, ya cire taba daga baki ya shiga yabo. Babu irinsa a Landan. Manyan mutane shi suke sa wa. Ga shi shugaba, wato Alhaji, ya gane abu mai kyau da ganin farko. Zailani na saurare, yana kallon maiƙon da ke jikin baƙin ƙarfen.

"Me ya ce?"

"Bature ya ce," in ji Zailani, ya ɗan tsaya, sannan ya yi ta maza, "ya ce shi dai ba zai ɓoye muku gaskiya ba. Na lantarkin nan kyan gani ne kawai. Da ya shiga ruwa ya mutu. Ya ce ko ƙaninsa ba zai sayar wa shi ba."

Alhaji ya dubi Pollard. Pollard ya gyaɗa kai, baki har kunne, yana bubbuga kwali.

"Ka ga mutumin kirki," in ji Alhaji. "Yana kushe kayansa yana dariya. A kasuwar garinmu wa zai yi maka haka? To, baƙin fa, me ya ce a kansa?"

Pollard bai ce komai a kansa ba, ban da ɗaga kafaɗa da wata kalma ɗaya da ke nufin tsohon yayi. Amma ƙofa ta riga ta buɗu. Zailani ya ɗauki ƙarfen ya zuba bayani, kowace jimla da hular Bature a kanta. Bature ya ce wannan a wuyan tirela ake ɗaura shi, daidai inda take kama ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota. Bature ya ce in direba ya taka birki, mota ta rage gudu, tirela za ta taho kamar za ta hau ta, sai wuyan nan ya lotsa ciki, ya ja wata sanda, sandar ta matse tayoyi. Ba waya, ba batir. Bature ya ce in an fito daga ruwa a watsa masa ruwa mai tsabta, a shafa masa man giris, kuma duk maƙerin da ya san aikinsa zai iya gyara shi.

Alhaji ya tauna maganar.

"Wato ita ba ta tsayawa sai ta gaba ta tsaya?"

"Haka ne, Baba."

"Kuma ba ta wuce ta gaba?"

"Ba ta wucewa."

"Kai, wannan ai birki ne mai ladabi. Shi za a sa. Ka ga amfanin tambayar wanda ya sani."

Zailani ya juya ya gaya wa Pollard cewa shugaba ya fi son tsohon yayi. Pollard ya ɓata fuska. Ya dubi Alhaji, ya dubi kwali, ya mayar da taba bakinsa, ya ƙwala wa ma'aikatansa kira.

Aiki ya ɗauki lokaci. Ma'aikata biyu suka ɗaga tirela, suka cire tayoyi, ana ta buge-buge. Ba wurin zama sai cikin Marsandi, Alhaji kuma ya ƙi shiga, wai ba a barin Bature da kayan mutum ba ido. Ya tsaya yana buga ƙafa a ƙasa, yana hura iska a tafin hannu, hancinsa na zuba. Zailani na gefe, nesa kaɗan kamar yadda ya kamata, murna da haushi na kokawa a cikinsa. An zaɓi birkin da ya dace, wannan gaskiya ne. Amma an daɗe da sauke tutar Ingila a gida, shi ya zo har garinsu ya karanci ƙarfe ciki da waje, ga shi sai ya ari bakin mai sayar da tirela kafin a saurare shi. Ya yi tsaki a zuci. Can kuma sai haushin ya fara rikiɗa ya zama dabara. In bakin nan na aro ya iya sauya birki, me zai hana shi sauya watan tafiya?

Ya kori tunanin, tunanin ya dawo. Ya nemi tsari da shaiɗan, shaiɗan ya ce shi ba ruwansa, jarrabawa dai a Yuni take.

Ana cikin haka Pollard ya leƙo daga ofis, buta na tururi a hannunsa, ya dubi baƙin nasa da sanyi ya kama, ya tambaye su da Turanci, a taƙaice, ko za su sha shayi.

"Me ya ce?" in ji Alhaji.

Zailani bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Bature ya ce akwai abu ɗaya da ya manta bai faɗa ba, Baba. Ya ce wannan birki, duk da sauƙinsa, akwai ƙa'ida a kansa. Kamfanin da ya ƙera shi bai yarda kowa ya kula da shi ba sai injiniyan da ya gama karatu, mai takardar shaida a hannu. In wanda bai gama ba ya taɓa shi, garanti ya ɓaci, kuma duk abin da ya faru ba ruwansu. Ya ce ya ga ana kirana Injiniya, shi ya sa yake tambaya ko na gama. Ya ce in ban gama ba, shawararsa a bari in gama, don jirgi irin wannan, na babban mutum, bai kamata a ce ɗan makaranta ne ke riƙe da shi ba. Mutane za su yi magana."

Ya tsaya don numfashi ya ƙare. Pollard na nan tsaye da buta, gira a sama, yana jiran amsa.

Alhaji ya daɗe yana kallon butar.

"Duk shi ya faɗi wannan?"

"Shi ya faɗa, Baba."

"Ikon Allah. Turanci akwai ɗaukar kaya." Ya share hanci da hankici. "Yaushe takardar taka?"

"Jarrabawa a Yuni, Baba. Sakamako bayan nan kaɗan."

"To. Dama an ce jiragen siminti sun cushe tashar Legas, ko an aika yanzu a kan teku zai kwana. Tunda Bature ya ce, ai ba ma ƙi ba. A bari sai ka gama."

Zailani ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Don kada buta ta tona masa asiri, ya juya da sauri ya ce wa Pollard sun gode, shugaba na azumi. Pollard ya nemi afuwa, ya dubi Alhaji da girmamawa, ya koma ciki da shayinsa.

Bayan azahar aka gama. Aka ja Marsandi aka haɗa ta da tirela. Pollard ya kira Zailani, ya tsuguna a wajen wuyan, yana nuna wani abu yana bayani. Zailani na cewa to, to, amma hankalinsa na can watan Yuni, yana zaune a babban ɗakin jarrabawa, har ya hango kansa da doguwar riga da hula mai tuntu. Bai ji rabin abin da aka faɗa ba, bai kuma fassara ko kalma ba. Alhaji ma bai tambaya ba, yana can yana kallon tantabaru a kan kwano.

Za a ajiye jirgin ne a ƙofar gidansu Zailani kafin a sama masa wuri. Suka hau titi, Zailani na tuƙi, Alhaji a gidan baya, a hakimce. Mutanen da ke saman jajayen bas-bas suka riƙa leƙowa suna kallon jirgin ruwa na bin layi a Old Kent Road. Da suka hau gada, Alhaji ya dubi kogin ya ce, "Kai, wannan ruwa da yawa yake," ya matsa tsakiyar kujera. A kowace danja, in Zailani ya taka birki, sai a ji ɗan ƙwas daga baya, tirela ta dafa mota a hankali ta tsaya.

"Ka ji ta?" in ji Alhaji. "Sai ta gaida ta gaba tukuna."

Zailani ya yi dariyar da ta dace da suruki, gajera, ba haƙori. A ransa kuwa waƙa yake yi.

Layinsu a Tottenham siriri ne, motoci dama da hagu. Akwai fili a daidai ƙofar gida, amma tsawon abin da yake ja ya ruɗe shi, ya wuce shi. Ya sa ribas, ya saki ƙafa. Motar ta ɗan motsa, aka ji ƙwas, sai komai ya tsaya cak. Ya ƙara mai. Marsandi ta yi gurnani, tirela ta kafe kamar an dasa ta. Wata motar madara ta tsaya a bayansu, wata mota a gabansu, aka fara danna hon. Labule ya motsa a gidan maƙwabta. A tagar sama ya hango Shafa'atu, hannu a haɓa.

"Wani abu ya riƙe, Baba," in ji shi. "Bari in..."

"Ɗan ƙarfen nan ne na hannun hagu, ƙarƙashin wuyan," in ji Alhaji daga baya, muryarsa a kwance. "Ya ce in za a ja da baya, tirela na zaton tsayawa aka yi, sai ta kama. Sai an sauka an ɗaga shi an maƙale. In an gama kuma a mayar, in ba haka ba gobe ka fita ba birki."

Hannun Zailani na kan ƙofa. A nan ya tsaya. Ya sake bin maganar a ransa, ya nemi lokacin da ya fassara ta, bai samu ba. Ya ɗaga ido a hankali ya dubi madubi. Alhaji na gyara hularsa.

"Baba..."

"Kafin a haife ka ni ne tafintan Di'o a ƙasarmu. Har ya bar ƙasar bai san abin da ya faɗa wa mutane ba. Da 'Bature ya ce' na gina gidana na farko." Aka sake danna hon, Alhaji ko a jikinsa. "Na farkon nan ka yi shi da kyau, na birki. Har na ce yaron nan za a yi abin kirki da shi. Amma na biyun, haba Injiniya. Mutum ya yi kalma uku, kai ka yi huɗubar Juma'a. Ba a haka. In ya gajarta, ka gajarta. In ƙaryar doguwa ce, sai ka yi masa wata tambaya tukuna, ya yi ta zuba, sannan ka juyo."

Zailani ya rasa inda zai sa kansa. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har tafin ƙafa.

"Kuma duk bai ƙona mini rai ba kamar shayin nan. Sanyi ya gama da ni, bawan Allah ya fito da buta tana tururi, ka hana ni. Har azumi ka ɗora mini."

"Ku yi haƙuri, Baba. Na yi kuskure. Zan... in kun ce mu tafi, mu tafi."

"Wa ya ce ku tafi? Na ce sai ka gama."

Zailani ya juyo gaba ɗaya, abin da bai taɓa yi ba, ya dubi surukinsa ido cikin ido. Haushin da ya haɗiye tun safe ya taso masa.

"To Baba, tunda kun san nawa ne maganar, ta birki da ta karatun, da na faɗa da bakina..."

"Da na ƙi," in ji Alhaji, ba ko jinkiri. "Da na ƙi, kuma da ka bi ni wata mai zuwa. Na riga na gaya wa mutane a gida surukina na tafe da jirgi. In koma in ce musu me? Yaron da na ba 'ya ya taka mini birki? Na lantarkin ma da ka nace, da shi za a sa, mu faɗa madatsa tare." Ya ɗaga yatsa. "Yanzu kuwa ina da abin faɗa. Bature ya ce sai mai takarda. Ba wanda zai tambaye ni wane Bature."

Mai motar madara ya fito da kansa ta taga yana faɗin abin da ba ya buƙatar tafinta. Alhaji ya nuna ƙofa da haɓa.

"Sauka ka ɗaga mana ƙarfen nan mu ja da baya."

Zailani ya sauka. Ya tsuguna a tsakanin mota da tirela, gwiwar da ta bushe ta sake jiƙewa. Ƙarfen na nan a hannun hagu, ƙarƙashin wuyan, daidai inda aka ce. Ya ɗaga shi ya maƙale, ya koma ya sa ribas. Jirgi ya ja da baya sumul, ya zauna a ƙofar gida, ya tare hasken tagar ƙasa gaba ɗaya. Ya sake sauka ya mayar da ƙarfen.

Shafa'atu ta buɗe musu ƙofa, ta rusuna. Alhaji ya wuce ta bai dube ta ba, ya tsaya a gindin bene ya gaya wa bango cewa in da mai jin ƙai a gidan nan, a dafa shayi, mai zafi, da madara da yawa. Sannan ya hau sama yana nishi.

Ta kama hannun rigar mijinta, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya? Tafiyar na nan?"

"An ɗaga. Sai na gama."

"Alhamdu lillahi!" Ta dube shi da wani irin kallo da bai taɓa samu daga gare ta ba, har idonta ya kawo ruwa. "Ashe ka iya. Wallahi ban zaci za ka iya ba. Ka gaya masa da bakinka?"

Zailani ya dubi maiƙon da ke hannunsa. Daga sama ana jin Alhaji na jan kujera. Ya so ya bar kallon nan ya daɗe a kansa ko da kaɗan ne.

"A'a," in ji shi. "Bature ne ya ce."